Asibitin da Likitocinsa Ba Ma'aikatansa Ba Ne

Da na gaya wa uwargida an buga mini bizar Holan, ko tambayar abin da zan je yi ba ta yi ba. Cewa ta yi, "To Likita, ka dai san abin da ake kawowa daga can." Atamfa take nufi. A gidanmu, kamar gidajen Kano da dama, Holan sunan atamfa ne kafin ya zama sunan ƙasa. Ni kuwa abin da zai kai ni daban ne. Wata huɗu ke nan da aka ɗora mini shugabancin kwamitin kula da ingancin aiki a asibitinmu, kwamitin da a takarda kawai yake raye, sai wani likitan tiyata ɗan ƙasar, wanda muka yi aiki tare shekarun baya, ya ce in zo in zauna da su kwana goma in ga yadda suke tafiyar da nasu.

A da jirgin KLM har Kano yake sauka, yanzu sai da na kwana Legas. Mun isa Schiphol da asuba, cikin watan Nuwamba, na fito na gane cewa abin da muke kira hunturu a gida wasan yara ne. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin saman, filin shi kansa kuma teku ta fi shi tudu. Na kama hanyar kudu ina leƙen taga. Ƙasa ce shimfiɗe kamar tabarma, an tsattsaga ta da magudanan ruwa, ga shanu dabbare-dabbare tsaye cikin yayyafi ko a jikinsu. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da teku, ganuwa da injinan zuƙe ruwa ne ke riƙe da shi.

Mai masaukina a kan keke ya zo taryata. Babban likitan tiyata, shekara ta doshi sittin, furfura fal, ya ɗaure ƙafar wando da roba. Na duba bayansa ko direba na tafe da mota. Babu. Ya sa ni a bas da akwatina, ya ce mu haɗu a gida, kuma ya riga ni isa.

Washegari tun takwas ba ta yi ba muna ɗakin da masu aikin dare ke miƙa wa na safe marasa lafiya. Da aka tashi na ce masa ya kamata ya kai ni in gai da shugabansa, don baƙo ba ya shiga gari bai je fada ba. Ya yi dariya. Ya ce, "Shugaban asibiti dai, abokina. Zan kai ka, mutumin kirki ne. Amma ni ba shi ke biyana albashi ba."

Wannan maganar ta ci mini kwana biyu kafin in warware ta.

Galibin asibitocin Holan ba mallakar gwamnati ba ne, kuma ba na 'yan kasuwa masu raba riba ba ne. Gidauniyoyi ne masu zaman kansu. Kowanne yana da hukumar gudanarwa ta mutum biyu ko uku da ke riƙe da shi kullum, a samansu kuma akwai majalisar sa ido, wadda ke naɗa su, ita ke kuma sallamarsu. Wanda aka kai ni na gaisar masanin tattalin arziki ne, abokiyar aikinsa a hukumar ita ce likita. Su kuwa ƙwararrun likitoci kashi biyu ne. A asibitocin jami'a, waɗanda guda bakwai ne yanzu tun da biyun Amstadam suka haɗe, kowa ɗan albashi ne. A asibitocin gari kuwa, irin wanda na sauka, likitocin yara galibi albashi suke karɓa, amma likitocin tiyata da na hoto da wasu da dama masu zaman kansu ne. Tun da daɗewa 'yan fanni ɗaya kan haɗa jari su yi ƙungiya da suke kira maatschap, su yi aiki su raba abin da aka samu. Su ke zaɓen wanda zai shigo cikinsu, sabon shiga kuma ya biya kuɗin samun gurbi, kamar mai karɓar shago a Kantin Kwari. A 2015 gwamnati ta sauya tsarin biya, ta ce kamfanonin inshora su riƙa biyan asibiti kuɗin magani a dunƙule har da ladan likita, asibiti ya san yadda zai yi da likitocinsa. Sai ƙananan ƙungiyoyin nan suka cure wuri ɗaya, a kusan kowane asibiti suka zama kamfani guda da ake kira MSB. Kamfanin ne ke zama da hukumar asibiti a yi ciniki, a sa hannu. Ka ga ke nan gida ɗaya, tukunya biyu.

Mai masaukina ya yi mini wannan bayanin ne a ɗakin cin abinci, inda abincin rana bai wuce burodi da cuku ba, ba miya ba tuwo. Ya turo mini kofin wani farin abu yana murmushi, da alama yana jira in yatsine fuska kamar yadda baƙinsa suka saba. Na kurɓa na ji nono ne, tsala mai tsami, furarsa kawai babu. Karnemelk suke ce masa. Na shanye na nemi ƙari, ya ce ni ne baƙo na farko da ya yi haka.

Na tambaye shi, to idan ba ma'aikatansa ba ne ku, ranar da aka yi ɓarna wa ake kamawa? Ya ce a doka hukumar gudanarwa ce ke ɗauke da alhakin duk maganin da aka yi a cikin ginin, ko wa ya yi shi. Amma mai ƙidayar kuɗi ba zai shiga ɗakin tiyata ya gane ɗinki mai kyau da marar kyau ba. Don haka akwai ƙungiyar likitocin asibitin gaba ɗaya, 'yan albashi da masu zaman kansu, suna zaɓen shugabanninsu, waɗannan shugabannin kuma duk mako suna zama da hukuma. Ba a buɗe sabon sashe ko a rufe wani ba tare da an bi ta kansu ba. Sannan kowane sashe mutum biyu ke jan sa, likita guda da manaja guda. Na zauna a taron irin waɗannan biyun, na ga sun shafe rabin awa suna ja-in-ja kan ɗakin tiyata na ranar Juma'a. Manajan, wadda nas ce a da, ta ce ba ta da ma'aikatan da za su riƙe ɗakin farfaɗowa bayan ƙarfe huɗu, likitan ya ce jerin masu jira ya yi tsawo. Ba wanda ya ɗaga murya, ba kuma wanda ya ce "ni ne babba a nan." Suka rabu a kan gwajin wata biyu.

Ranar Laraba da yamma aka yi taron da har yau nake tunawa. Taron duba matsalolin da suka biyo bayan tiyata ne, kuma kowane sashe yana yin nasa. Mutum goma sha wani abu a ɗaki, likitocin tiyata, mai sa barci, masu koyon aiki, nas biyu, kowa da kofin gahawa. Saboda ni aka yi da Turanci. Wanda ya tashi ya gabatar babban likita ne, kuma aikin hannunsa ya kawo. Dattijo ne aka yanke wa wani yanki na hanji aka haɗa, ɗinkin ya ɓalle a kwana na huɗu, daren Asabar. Ɓallewar ɗinki abu ne da ke faruwa ko a hannun gwani, ba a nan maganar take ba. Maganar ita ce awannin da suka wuce tsakanin lokacin da bugun zuciyar dattijon ya fara hawa da lokacin da aka mayar da shi ɗakin tiyata. Ya sa jadawalin a allo, sa'a bayan sa'a. Sai nas ɗin da ta yi aikin daren ta kira shi da sunansa na yanka, ba Farfesa ba ranka ya daɗe, ta ce ta kira ƙaramin likita sau biyu, shi kuma bai so ya tashe shi daga barci ba, saboda makon da ya wuce an tashe shi ya amsa a fusace. Ɗakin ya yi tsit. Ni da nake baƙo sai da na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗan yi jim, ya ce gaskiya ne, ya tuna daren. Aka rubuta cewa daga yau idan makin da ake auna tsananin ciwo da shi ya kai wani mataki, nas za ta kira babban likita kai tsaye, ba sai ta bi ta kan kowa ba. Aka wuce zuwa na gaba.

Dattijon ya rayu, bayan ya daɗe a sashen kulawa ta musamman. An gaya wa iyalinsa abin da ya faru, domin dokar da ta fara aiki a 2016 ta wajabta hakan. Ita ce kuma ta ce idan kuskure ya jawo mutuwa ko babbar illa, asibiti ya sanar da hukumar sufetocin lafiya cikin kwana uku na aiki, ya yi bincike, ya aika da rahoto.

Da na koma masauki a daren barci ya ƙi zuwa. Wata mata nake tunawa, shekara uku baya, wadda na yi wa aiki ranar Alhamis ta rasu ranar Lahadi. Mijinta ya riƙe hannuna yana godiya, yana cewa kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare kam, wannan ba musu. Amma na san akwai awannin da ba wanda ya kira ni, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Fayil ɗinta ya koma ɗakin ajiya, ba a sake ɗaga shi ba.

Ranar Asabar mai masaukina ya ce mu je yawo Nijmegen, garin da suke furta sunansa da wani kakari a maƙogwaro, na gwada har na haƙura. Tsohon gari ne tun zamanin Rumawa, a bakin kogin Waal, jiragen dakon kaya na ta wucewa ƙarƙashin gada zuwa Jamus. Muna tafe a gaɓa ya ce kada in ɗauka haka suka tashi suka ga kansu, a garin nan suka koyi darasin da ya fi ƙona su. A asibitin jami'ar Radboud, a 2004, masu mutuwa bayan tiyatar zuciya sun ninka na sauran cibiyoyin ƙasar fiye da sau biyu. Mutanen ciki sun sani. Sai da wasiƙar wani farfesan sa barci ta fita waje a 2005 kafin magana ta fasu, a watan Afrilun 2006 sufetoci suka dakatar da tiyatar zuciya ta manya a can, ta yi wata shida a rufe. Da aka bincika, ba a samu wani likita guda mai mugun hannu da za a rataya wa laifin ba. Abin da aka samu shi ne likitocin tiyata da ba sa jituwa, sassan da ba sa magana da juna, kowa na aiki yadda ya ga dama, da hukumar da ta ɗauka lamarin ɗakin tiyata na likitoci ne su kaɗai. Shugabannin asibitin sun sauka. Ya ce, "Duk gwanaye ne, ka gane? Gwanaye ne da ba wanda ke iya gaya wa ɗan'uwansa gaskiya."

Shekara guda bayan rufewar, a 2007, wani bincike na ƙasa baki ɗaya ya duba fayilolin marasa lafiya ya ƙiyasta cewa mutum 1,735 sun mutu a asibitocin Holan a 2004 ta hanyar da ƙila da an iya kauce mata. Daga 2008 aka shiga shirin da ya sa kowane asibiti ya kafa tsarin kai rahoton kuskure, wanda ko mai goge ƙasa zai iya cikewa. Daga 2014 kuma dole kowane asibiti ya wallafa alƙaluman mace-macensa kowa ya gani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mafi tsaurin ƙa'idojin likitoci ne suka ɗora wa kansu. Ƙungiyar kowane fanni tana turo 'yan'uwa daga wasu asibitoci duk shekara biyar su zo su binciki sashe, su duba fayiloli, su tambayi nas-nas da likitocin unguwa yadda 'yan sashen suke. Rajistar ƙwararre ita ma duk shekara biyar ake sabunta ta, kuma cikin sharuɗɗan akwai cewa abokan aikinka su faɗi yadda suke ganinka. Mai masaukina ya buɗe mini kwamfuta ya nuna mini rajistar tiyatar sankarar hanji, wadda likitocin tiyata suka fara a 2009, wata cibiya a Leiden ke riƙe da ita. Kowane asibiti ɗigo ne a kan zane, kana ganin naka, kana ganin inda sauran suke. Su ne kuma suka yanke cewa asibitin da ba ya yin tiyatar sankarar maƙoshi aƙalla ashirin a shekara ya daina yi, ya tura wa wanda ke yi da yawa. Wannan hukuncin ya faɗa a kansa shi kansa. Aikin da ya fi ƙauna ke nan, ya yi shekaru yana koyonsa, asibitinsu bai kai adadin ba. Na ce ka yarda? Ya ce ya yi wata guda yana fushi, amma da hannunsa ya ɗaga aka zartar.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na je. Manajan nan tsohuwar nas, da muka keɓe muna shan shayi, ta ce mini MSB wani lokaci kamar sarauta ce a cikin sarauta. Idan hukuma ta kawo shawarar da za ta rage yawan aikin da ake biya, sai ka ga taro ya ƙi ƙarewa. Dokar da ta ƙayyade albashin manyan shugabanni tun 2013 ta kama shugaban asibiti, ba ta kama ƙwararren likita a aikinsa na likita ba, don haka ba abin mamaki ba ne wanda ake shugabanta ya fi shugaban samu. Shekaru ke nan 'yan siyasa a Hague na maganar a mayar da kowa ɗan albashi. Ga kuma yawan zama. Ban da likitoci akwai majalisar ma'aikata, akwai ta nas-nas, akwai ta marasa lafiya, kowacce sai an ji ta bakinta. Suna da kalma ma ta wannan hali, polderen, daga sunan filayen da suka ƙwato daga ruwa, wai mutanen da ganuwa ɗaya ke kare su dole su zauna su daidaita ko ba sa ga-maciji. Kyakkyawan labari ne, amma na ga an yi taro uku kan sauya fom guda. Likitoci kuma na kukan cewa cike-ciken kwamfuta na cinye musu lokacin duba marasa lafiya. Duk wannan tsari kuma bai hana asibitin Slotervaart na Amstadam da na Lelystad karyewa a watan Oktoban 2018 ba. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe marasa lafiyan Slotervaart a motocin asibiti, wasu da ƙarin ruwa a hannu.

In faɗi gaskiya, na tafi ne da guzurin gardama. A gida, asibitocin koyarwa likita ne ke shugabantarsu, kuma wannan kujerar tana cikin abubuwan da muka daɗe muna ja da JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, a kai, har da yajin aiki. Na so in dawo da hujjar da zan ajiye a teburi in ce ga shi, ko a Turai likita ne a sama. Hujjar akwai ta ga mai nema. Ernst Kuipers, likitan ciki, ya shugabanci Erasmus MC na Rotadam kafin ya zama ministan lafiya a 2022, Marcel Levi ma likita ne da ya riƙe babban asibitin jami'a a Amstadam. Amma duk wanda na yi wa tambayar a can sai ya ɗaga kafaɗa. Shugabar ƙungiyar likitocin asibitin da na sauka, wata likitar yara mai kaifin magana, ta ce ita bai dame ta ko shugaba ya karanta likitanci ko lissafi ba. Ta ce aikin da ya fi mata wuya a muƙaminta shi ne ranar da ta shiga ofishin wani abokin aiki da ya girme ta, ta rufe ƙofa, ta gaya masa 'yan'uwansa sun kawo ƙorafi kan aikinsa, za a bincika. Sannan ta tambaye ni, "Ku a wurinku wa ke yin wannan?" Na ce muna da kwamiti. Ta ce, "Wa ke shugabantarsa?" Na kurɓi shayina.

Kwanan ƙarshe na koma Amstadam, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Bijlmer inda 'yan Gana da 'yan Najeriya suka yi yawa, don ban isa in koma gida hannu rabbana ba. A wani shagon atamfa ina ta fama da Turanci, mai shagon ta dubi hulata ta ce, "Alhaji, sannu da zuwa, daga ina?" 'Yar zangon Kumasi ce, ta fi shekara ashirin a can. Ta ce atamfar a Helmond ake buga ta, can kudu kusa da inda na baro, kamfanin yana nan tun 1846, amma 'yan garin ba sa ɗaurawa. Na ce ta yi mini ragi tun da a bakin rijiya muke. Ta ce, "Alhaji, ko a Kwari ba za ka samu haka ba." Na ɗauki turmi biyu, na biya ina salati.

Litinin ɗin da na koma aiki na aika wa 'yan kwamiti takardar taro, na rubuta cewa za mu fara duba mutuwa ɗaya duk wata, kuma ta farko daga hannuna za ta fito. Wani babbanmu ya tare ni a baranda ya ce, "Likita, ka je Turai ka ɗebo mana rigima ko?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tawa ce ai, ba ta kowa ba." Ya girgiza kai ya wuce. Na gangara ɗakin ajiyar fayil, na sami Malam mai kula da wurin yana karin kumallo a kan wani tarin takardu da ya kusa kai masa ƙirji. Na ba shi sunan matar da watan da ta rasu. Ya goge hannu, ya dubi tarin, ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, na shekarar ai ruwan sama ya taɓa wasu. Amma ka ba ni zuwa Alhamis."